Babi na Shida: Tsakanin Tayi da Sallama

Gida ba shi da farashi a rubuce. Buhun siminti yana da nasa, bandir ɗin kwano yana da nasa, har bulo ɗan inci tara kowa a unguwa ya san kuɗinsa. Amma gidan da aka haɗa da waɗannan kayan, kuɗinsa shi ne abin da mutum biyu suka amince a kai ranar da suka zauna. Shi ya sa wanda bai taɓa saye ba yake shiga ciniki da rauni. Mai gida ya san abin da ya kashe, ya kuma san abin da ya matsa masa har zai sayar. Dillali ya sha ganin ciniki irin wannan ya faɗa, ya sha ganin ya watse. Kai kaɗai ne baƙo a wurin, kuma kai ne ka zo da kuɗin: wanda ka daɗe kana tarawa, ko na gadon mahaifi, ko garatutin da ba za a sake biyan ka irinsa ba.

Mu ƙaddara ka zagaya, ka ga gidan da ya kwanta maka a rai. Abin da yawancin sababbin masu saye ke yi daga nan shi ne su zuba duk ƙarfinsu a kan lamba ɗaya: nawa za a rage mini? Ragi yana da amfani, amma ni a ganina shi ne ƙaramin abin da ake ciniki a kansa. Wa zai biya la'ada, yaushe za a ba ka mukulli, me zai faru da kuɗinka idan takarda ta fito da matsala, wa zai fitar da ɗan hayan da ke ciki, duk waɗannan abin ciniki ne. Mutum zai iya samun ragin miliyan biyu ya yi asarar miliyan talatin saboda sharaɗi ɗaya da ya ji nauyin faɗa.

Fara da dillali, tunda ta hannunsa za ka bi. Ba na cikin masu yi wa dillalai kuɗin goro. Dillalin kirki ya san tarihin kowane gida a yankinsa, ya san wanda ake rigima a kansa, kuma sunansa shi ne jarinsa, don haka ba zai so ya jefa ka rami ba. Sai dai ka fahimci inda abincinsa yake. Ba ya samun ko sisi sai ciniki ya faɗa, kuma idan la'adarsa kaso ce daga kuɗin gidan, to, tsadar gidan ribarsa ce. Abin da aka fi sabawa da shi a garuruwanmu shi ne biyar bisa ɗari, wani lokaci daga mai saye kaɗai, wani lokaci daga kowane ɓangare, kuma ana sasantawa a ƙasa da haka idan kuɗin gidan na da yawa. Akwai kuma wata hanyar da ba a faɗa maka: mai gida ya ce shi dai a kawo masa miliyan ashirin da biyar, duk abin da ya hau sama nasu ne. Maganar ta bi ta bakin dillali na biyu da na uku, kowa ya ɗora nasa, kafin ta iso kunnenka ta zama talatin da biyu. Maganin wannan guda ɗaya ne. Ka ce kana so ka zauna da mai gidan ido da ido, ko da wakilinsa da ke riƙe da takardar wakilci. Ka kuma yanke maganar la'ada tun kafin a je: nawa ce, wa zai biya, kuma mutum ɗaya za ka damƙa wa, su je su raba a tsakaninsu. Dillalin da ya ga haƙƙinsa a tsare ba shi da dalilin ɓoye maka mai gida. Wanda ya dage ba za ku haɗu ba, ya ba ka amsar da kake nema.

Kada kuma ka faɗa masa iyakar abin da ke hannunka. Zai tambaya, cikin fara'a: "Malam, nawa ka tanada, don in san inda zan kai ka?" Ka ba shi adadi ƙasa da ƙarfinka. Haka nan kada ka shiga gidan da iyali kuna ta nuna ɗakin da yara za su kwana. Duk abin da ya bayyana a fuskarka, kafin magariba ya isa wurin mai gida.

Sai sanin kuɗin da ya dace. Kuɗin da ake sa wa gidaje a bakin dillalai ba ma'auni ba ne, domin kowa na iya sa wa gidansa abin da ya ga dama. Ma'aunin shi ne kuɗin da aka sayar. Ka tambayi mai unguwa, ka tambayi maginin da ke aiki a layin, ka zauna wurin mai shayi ko mai shagon bakin layi: wane gida aka sayar kwanan nan, girmansa nawa, kuma a nawa aka sallama? Gida biyu ko uku sun isa su ba ka haske. Daga nan ka raba lissafin gida biyu. Nawa ake sayar da fili hamsin da hamsin ko hamsin da ɗari a wannan wurin, babu gini a kai? Sannan nawa ginin da ke kai ya kai a yadda yake yau, da tsufansa da lalacewarsa?

A nan za ka gamu da hujjar da kowane mai gida ke riƙe da ita a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta kai 34.8 bisa ɗari. Don haka Alhaji zai ce maka, "Je ka gina irinsa yau ka gani." Yana da gaskiya, amma rabinta. Ba sabon gida yake sayar maka ba. Kwanon ya shekara goma sha biyar yana shan rana, wayoyin wuta na wancan lokacin ne, sokawe ya kusa cika. Sauran rabin gaskiyar kuma kai ta shafa: kuɗin da ke kwance a asusunka yana raguwa kullum. Mai sayen da ya yi wata huɗu yana jan ciniki a kan dubu ɗari biyar, sau da yawa yakan dawo ya tarar an ƙara miliyan biyu, ko an sayar. Jan rai yana da iyaka a lokaci irin wannan.

Kafin ka taya, koma gidan da magini ko injiniyan da ka yarda da shi, wanda kai ne za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Idan da hali, a je bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, domin gidan da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama wani abu daban a Agusta. A duba gindin bango: idan filasta na zubewa kamar gari daga ƙasa zuwa gwiwa, ko an yi sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, damshi ne ke hawowa. A ɗaga kai a duba silin ko akwai tabon yoyo. A bi tsaga a ga ko ta fenti ce ko ta ratsa bulo har harsashi. A tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin kafin a yi gini. A Kano an cike kududdufai da dama da shara da ɓaraguzai an yi gini a kai, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. A duba inda lambatu ke kai ruwan gidan, a nemi takardar wuta ta ƙarshe, domin tsohon bashin wuta yakan zauna a kan gida ya jira sabon mai shi.

Amfanin wannan zagayen a wurin ciniki shi ne ya mayar da ƙorafi ya zama lissafi. "Gidan ya tsufa" magana ce da mai gida zai ji haushinta. "Magini ya ce sai an sauya kwanon ɗaki biyu an haƙa sabon sokawe, ga abin da zai ci" magana ce da zai iya amsawa. Kada ka kushe gidan mutum a gabansa. Wataƙila a nan aka haifi 'ya'yansa, kuma dattijon da aka ɓata wa rai yakan gwammace ya sayar wa wani da ragi da ya sayar maka da riba.

Ga yadda zama irin wannan yake kasancewa idan an shirya masa. Ana zaune a soro bayan la'asar, an gaisa, an tambayi iyali. Mai saye ya zo da kawunsa, dattijo sa'an mai gidan, wanda zai iya faɗin abin da yaro zai ji nauyin faɗa. Gidan an sa masa miliyan talatin.

"Alhaji, mun ga gida, kuma mun yaba," in ji kawun. "Yaron nan ya taya ashirin da huɗu."

"Albarka," in ji mai gida, bai ko ɗago ba.

Dillali ya gyara zama. "Haba Malam, a ƙara wa Alhaji mana. Jiya-jiyan nan wani ya ba da ashirin da takwas."

"To, madalla," in ji kawun. "In an samu mai ashirin da takwas, ai ba za mu shiga cinikin wani ba. Allah ya sa albarka." Ya fara laluben takalminsa.

"A'a, zauna, Malam," in ji mai gida. "Wancan bai dawo ba."

Sai a lokacin mai sayen ya buɗe baki. "Baba, ba raina gidan muka yi ba. Ga takardar magini, gyaran rufi da na bayan gida zai ci kusan miliyan biyu. Idan an bar mana a ashirin da shida, kuɗin a shirye yake, ranar da lauya ya gama duba takardu za ka ji alat."

An yi shiru. Daga ƙarshe aka tsaya a ashirin da shida da rabi, mai gida zai biya bashin wuta, kowa ya biya rabin la'ada.

Lura da abin da kawun ya yi da maganar "wani ya taya". Babu dillalin da bai san wannan kalma ba, kuma wani lokaci gaskiya ce. Ba sai ka ƙaryata kowa ba. Addini ya hana shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla, ya kuma hana a sa wanda ba saye zai yi ba ya riƙa tayawa don a zuga farashi. Idan ka ce ka janye har a gama da wancan, ka tsare mutuncinka, kuma idan babu wani wancan, za a kira ka kafin ka kai bakin titi. Amma wannan ba ya aiki sai idan da gaske za ka iya tafiya. Shi ya sa nake shawartar kowa ya riƙe gida na biyu a zuciyarsa, ya kuma rubuta wa kansa iyakar da ba zai haura ba tun daga gida, kafin zafin ciniki ya ɗebe shi.

Game da tayin farko, kada ya yi ƙasan da zai zama zagi, kada kuma ya zama iyakar ƙarfinka. Ka bar wa kanka wurin ƙari sau biyu ko uku, kowane ƙari ya gaza wanda ya gabace shi, don a gane ka kusa tsayawa.

Yana da kyau ka san dalilin sayarwa. Mai son komawa Abuja kafin a koma makaranta, ko ɗan kasuwar da kayansa ke jiran kuɗi a tashar ruwa, saurin biya ya fi masa ƙarin dubu ɗari biyar, kuma babu laifi ka sayi ragi da saurinka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ji mutum na da mara lafiya a asibiti, ko bashi ya shaƙe shi, ka danne shi ka karɓi gidansa a rabin kuɗi. Ko ba don tsoron Allah ba, cinikin da aka yi da ƙunar rai shi ne wanda 'ya'ya ke tasowa su nemi warware shi, kuma a unguwar za ka zauna.

Yanzu ga takarda, wadda ita ce ke yanke rabin darajar gida. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saye haƙƙin zama ne da amfani, kuma takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira si-of-o, galibi ta shekara 99 ce ga gidan zama. Dokar ta kuma ce ba a mayar da wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar gwamna. Saboda haka gida mai si-of-o da gidan da aka gina a filin awon igiya, wanda shaidarsa takardar mai unguwa ce da sa hannun dagaci, ba kuɗinsu ɗaya ba ko da ginin iri ɗaya ne. Ba na cewa kada a sayi na awon igiya. Yawancin talakawan biranenmu a irinsa suke zaune. Amma kuɗi da wahalar nema masa takarda a kanka za su faɗo, don haka a cire su daga farashi.

Ita ma si-of-o ba a karɓar ta da ido rufe. Kotun Ƙoli ta yanke tun 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, cewa takardar ba ta ba mutum haƙƙin da tun asali ba shi da shi. Ka sa lauya ya je ya bincika fayil ɗin a hukumar ƙasa, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja: sunan wa ke kai, an jinginar da gidan a banki, akwai bashin harajin ƙasa, akwai ƙara a kotu? Idan mai gida ya ce ainihin takardar "tana wurin wani" sai dai ya nuna maka hoto, tambayi wane ne wanin. Ka nemi safiyo ya auna ya tabbatar ginin bai ci hanya ko filin makaranta ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. Waɗanda suka ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi, sun san cewa tarihin fili yana iya biyo gini ko bayan an kashe masa maƙudan kuɗi. Idan aka sa wa gida kuɗin da ya yi ƙasa da na maƙwabtansa ƙwarai, ka tuna ruwa ba ya tsami banza.

Gidan gado ya fi kowane buƙatar natsuwa, kuma shi ne ya fi yawa a kasuwa cikin tsofaffin unguwanni. Babban wa zai ce maka, "Ni ne babba, duk sun wakilta ni." Ka nemi ganin takardar rabon gado daga kotu, ko kowane magaji ya sa hannu da kansa, mata da maza, har wadda ke aure a wani gari, marayu ƙanana kuma a bi ta hannun alƙali. Idan kason mutum ɗaya kake saye a gidan da ba a raba ba, ka san cewa a fiƙihun Malikiyya sauran masu tarayya suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Gara a tambaye su tun farko, sannan da zarar an ƙulla cinikin su rubuta cewa sun yafe.

Duk wannan bincike yana cin lokaci, mai gida kuma ba zai jira ka haka kawai ba. A nan kafin alƙalami ke shigowa, kuma a nan ne sababbin masu saye suka fi ƙonewa. An sallama, ana ta "Allah ya sanya alheri", dillali ya ce a ajiye wani abu don a rufe magana, mutum ya tura miliyan biyar babu ko layi ɗaya a rubuce. Bayan mako biyu aka gano gidan na jingine, sai a fara "kuɗin an riga an taɓa". Ka ba da kaɗan, abin da ba zai karya ka ba. A rubuta takarda a wurin, da shaidu daga kowane ɓangare: jimillar kuɗin gidan, abin da aka bayar, kwana nawa aka ba ka na bincike, da cewa idan matsala ta fito daga takardu ko daga magada za a mayar maka da kuɗinka cif-cif. A rubuta abin da zai faru idan mai gida ne ya fasa, domin hakan na faruwa da zarar wani ɗa ya dawo daga tafiya ya ce an yi araha. A kuma rubuta abin da zai faru idan kai ne ka fasa. Malaman Malikiyya da mafi yawan malamai ba su halatta cinikin da za a cinye kafin alƙalami don mai saye ya janye ba, Hambaliyya sun halatta, don haka kada a bar wannan sai rigima ta taso kowa ya nemo malaminsa.

Na san abin da ke hana mutane neman a rubuta. Kunya ce. Mai gidan sa'an mahaifinka ne, ko abokin surukinka, ko limamin masallacin layin ne ya haɗa ku, sai ka ga kamar neman takarda zargi ne. Ba zargi ba ne. Mai gidan na iya rasuwa gobe, kai ma haka, kuma waɗanda za su gaje ku ba su halarci zaman ba. Idan bakinka ya yi nauyi, ɗora wa lauya: "Baba, lauyana ne ya ce sai an rubuta." Babu dattijon da zai riƙe ka da wannan.

Idan da rancen gida za ka biya, faɗi tun farko. Ma'aikacin da ake cire masa 2.5 bisa ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa 6 bisa ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Masu guje wa ruwa kuma suna da bankuna irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da riba sananniya ko ya ba ka haya mai ƙarewa da mallaka. Kowace hanya ka bi, banki zai nemi takarda mai tsabta, zai aiko mai kimanta gidan, kuma kuɗin ba ya fitowa a mako ɗaya. Mai wannan hanya ba shi da makamin saurin biya, don haka abin da zai yi ciniki a kai shi ne wa'adi, ko da zai ɗan rage neman ragi.

Ga 'yan'uwa mata kuma, waɗanda da yawansu ke sayen gida da kuɗin gado ko na sana'a su tura miji ko yaya ya yi musu ciniki: wakilci ba laifi, amma sunanki ne zai hau takarda, kuma daga asusunki kuɗin zai fita.

Kada ka kai tayinka har ƙarshen abin da ka mallaka. Bayan kuɗin gida akwai la'ada, kuɗin lauya, kuɗin kan sarki, rajista da neman amincewar gwamna, ga gyara da kwasar kaya. Wanda ya zuba komai a farashi shi ne yake barin takarda da sunan tsohon mai gida shekara da shekaru.

Ranar biya, a biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, a rubuta dalilin biyan. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. A sa hannu a takardar mayar da mallaka da lauya ya tsara, a miƙa maka ainihin takardun gidan da duk na cinikin baya a zama ɗaya. Idan akwai ɗan haya a ciki, ka tuna mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida a dokokin jihohi da dama, kuma fitar da shi ya fi sauƙi ga wanda ya sa shi. Idan mai gidan ne da kansa ke ciki ya nemi wata biyu ya tashi, ka yarda, amma a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun lauya ko wani amintaccen da kuka amince da shi, a rubuta ranar tashi. Ran da aka kwashe kaya, ku zagaya tare da mai unguwa da maƙwabtan dama da hagu, a nuna iyaka da bangon da aka yi tarayya a kai, a karanta mita, a duba cewa ƙofofi da famfon rijiya da tankin da ka gani ranar ciniki suna nan, sannan a saki ragowar kuɗin.